Dogon Hutu: Wanda Ya Kulle Makaranta Bai Sauke Nauyin Yaro Ba

A ƙarshen watan Yuli na kowace shekara, makarantun firamare da na sakandare a jihohin Arewacin Najeriya sukan raba wa ɗalibai sakamakon jarrabawar zango na uku, a yi addu'a, a kulle ƙofa. Daga ranar har zuwa cikin watan Satumba, kimanin makonni shida zuwa bakwai, babu hukumar da ke tambayar inda yaro yake, ko abin da ya ci, ko wanda yake tare da shi. A Jamhuriyar Nijar tsawon ya fi haka, domin sai farkon Oktoba ake komawa aji. Ma'aikatar ilimi takan fitar da sanarwa mai layi uku ko huɗu: ranar tafiya, ranar dawowar 'yan makarantun kwana, ranar dawowar 'yan jeka-ka-dawo. Game da kwanaki arba'in da ɗoriya da ke tsakani kuwa, sanarwar ba ta cewa uffan, sai ka ce yaron kaya ne da za a ajiye a sito har ranar buɗewa.

Wannan shirun zaɓi ne, kuma akwai waɗanda yake cutarwa. Masu ikon sauya shi sanannu ne: daraktocin ma'aikatu, 'yan majalisa, shugabannin ƙananan hukumomi, malaman jami'a, likitoci, lauyoyi da 'yan jarida. Su kuwa sun daɗe da cire 'ya'yansu daga matsalar ta hanyar biyan kuɗin lesin, don haka ba ta tsaya musu a rai ba. Ga ɗan ma'aikacin banki, dogon hutu yana nufin barcin safe, darasin kwamfuta da ziyarar kakanni. Ga ɗan mai turin baro, ko 'yar mai wankau, yana nufin rasa wuri ɗaya tilo da wani babba wanda ba ɗan gidansu ba yake kiran sunansa kowace safiya ya duba ko yana nan.

Hutun da ya faɗo cikin marka

Masu fassara sukan kira irin wannan hutu na Turai da Amurka da sunan "hutun bazara", wasu makarantun kuɗi kuma sun ari sunan suna liƙa shi a allunan tallarsu. Sunan yana ɓoye gaskiyar lamarin. Bazara a ƙasar Hausa ita ce zafin Maris zuwa Mayu, kafin saukar ruwa. Dogon hutu yana faɗowa ne a tsakiyar damina, cikin markar Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, ɗan kuɗin da manomi ya tara ya tafi ga taki da iri da ƙwadago, farashin hatsi kuma yana kan ƙololuwarsa a kasuwa. Tun kaka da kakanni an san waɗannan watanni da tafasa da rama da kwaɗon zogale, da rage sanwar tuwo har sai an fara gasa tumu.

Alƙaluman zamani sun tabbatar da abin da tsofaffi suka sani. Rahoton Cadre Harmonisé, wanda gwamnati da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke fitarwa game da halin abinci a yankin Sahel da Afirka ta Yamma, yana ware watannin Yuni zuwa Agusta a matsayin lokacin ƙarancin abinci. A watan Maris na 2024 ya yi hasashen cewa mutum miliyan 31.8 a Najeriya za su shiga matsananciyar yunwa a waɗannan watanni na shekarar. A watan Yunin wannan shekarar, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Cikin wannan hali ne aka sallami yara zuwa gida aka ce musu a sha hutu lafiya.

Watannin kuma su ne na zazzaɓin cizon sauro. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa ƙananan yara maganin rigakafin zazzaɓin wata-wata a lokacin damina a yankin Sahel, kuma ma'aikata suna bin gida-gida a jihohin Arewa suna rabawa. Amma shirin ya tsaya ga yara daga wata 3 zuwa wata 59. Shirye-shiryen yaƙi da tamowa su ma sun fi karkata ga 'yan ƙasa da shekara biyar da mata masu juna biyu da masu shayarwa, kuma akwai hujjar yin hakan. Sai dai sakamakonsa shi ne yaro ɗan shekara takwas ya faɗa tsakani: ya girmi shirin asibiti, makarantar da ya kamata ta sa masa ido kuma tana kulle. A birane, kududdufai da ramukan da aka haƙa ƙasar gini sukan cika su batse a daidai lokacin, kuma duk mai sauraron rahotannin hukumar kashe gobara ta Kano a damina ya saba jin labarin yaron da ya tafi wanka bai dawo ba.

Famfon da ake kashewa

A 1982 wasu masana zamantakewa na Jami'ar Johns Hopkins, Karl Alexander da Doris Entwisle, suka fara bibiyar yara kusan 800 da suka shiga aji ɗaya na firamare a birnin Baltimo na Amurka, ana gwada su a farkon shekarar karatu da ƙarshenta. Suka ga cewa lokacin da makaranta ke buɗe, 'ya'yan talakawa da na masu hali suna ci gaba da gudu kusan ɗaya, amma a lokacin dogon hutu 'ya'yan masu hali sukan ci gaba, na talakawa su tsaya ko su ja baya. Suka kwatanta makaranta da famfo: in yana buɗe kowa ya ɗiba, in aka kashe shi sai mai rijiya a gida kaɗai ya sha. A wata maƙala ta 2007 sun ƙiyasta cewa kashi biyu cikin uku na ratar karatu da ke tsakanin rukunonin biyu a shekara ta tara ta makaranta ya samo asali ne daga hutun shekarun firamare. Kafin wannan, a 1996, Harris Cooper da abokan aikinsa sun tattara bincike 39 suka ce matsakaicin abin da yaro ke rasawa a hutun ya kai na kusan wata guda na karatu, kuma asarar ta fi yawa a lissafi.

Gaskiya ta wajabta a faɗi cewa ba duka masana ne suka yarda da girman waɗannan alƙaluma ba. A 2019 Paul von Hippel ya nuna cewa sababbin jarrabawowi masu ingantaccen ma'auni ba su maimaita sakamakon Baltimo ba, kuma mafi yawan ratar tana nan tun kafin yaro ya shiga aji ɗaya. Mai neman uzurin zama zai riƙe wannan ya ce magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, domin muhawarar ta yaran Amurka ce, waɗanda mafi yawansu suna iya karatu, kuma ko talakan cikinsu yana kusa da ɗakin karatu na jama'a. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar da tallafin UNICEF a 2021 ya nuna cewa kimanin kashi 27 cikin ɗari ne kawai na yaran Najeriya 'yan shekara 7 zuwa 14 ke da tushen iya karatu, kimanin kashi 25 kuma tushen lissafi, kuma jihohin Arewa suna ƙasa da wannan matsakaici. Yaron da ya iya karatu yana ƙara ƙwarewa da kansa duk lokacin da ya ga rubutu a jikin mota ko kwalin magani. Wanda yake kan haɗa baƙi da wasali kuwa, mako shida ba tare da ganin allo ba ya isa ya mayar da shi inda ya faro. Malaman aji biyu da uku sun san haka ba tare da sun karanta wata maƙala ba, domin su ne ke ɓatar da makonnin farko na sabon zango suna sake koyar da abin da suka riga suka koyar.

Lesin ɗin masu hali

Amsar da masu ilimi suka samar wa kansu ita ce lesin na hutu. A yawancin wurare abin da ake yi shi ne a fara manhajar ajin gaba da wuri, a aji ɗaya, da malami ɗaya, da salon koyarwa ɗaya, sai dai a cire yunifom. Babu laifi uba ya biya wa ɗansa ƙarin karatu, kuma malamin makarantar kuɗi da albashinsa bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba yana da haƙƙin neman abin rufa wa kansa asiri a watan Agusta. Laifin yana wajen ɗaukar wannan ciniki a matsayin maganin matsalar al'umma. Lesin yana ƙara wa mai shi ne. Yaron da ya fi kowa buƙatar a zauna da shi, shi ne wanda ba zai taɓa shiga ajin ba.

Ba a nesa wannan yaro yake ba. Ɗan maigadin gidan ne, da ɗan direban da ke kai 'ya'yan Alhaji lesin, da yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye "kafin a koma makaranta" tana riƙe wa 'ya'yan Hajiya kwandon abinci. Sau da yawa Satumba takan zo ta wuce, yarinyar tana nan a kicin. Wanda ya saba da tallan gyaɗa ko na awara na mako shida, gidansu kuma ya saba da ɗan cinikin da yake kawowa, komawarsa aji tana zama asara a lissafin gida, ga kuma kuɗin yunifom da takalmi da littattafai da ke jira a daidai lokacin da ba a fara girbi ba. Ba a rubuta sunan irin wannan yaro a jerin waɗanda suka bar makaranta a watan Agusta. Ana dai kiran sunansa a Satumba, a ji shiru, a sake kira a mako na biyu, daga nan a daina.

"Ai nauyin iyaye ne"

Wannan ita ce hujjar da aka fi ji, kuma ba a ƙasar Hausa aka fara ta ba. A Ingila, a watan Yunin 2020, gwamnatin Boris Johnson ta ce ba za ta ci gaba da bai wa yara masu cin abincin makaranta kyauta takardun sayen abinci a lokacin dogon hutu ba. Ranar 15 ga watan, ɗan ƙwallon Manchester United Marcus Rashford, wanda shi kansa ya tashi da cin wannan abinci, ya rubuta wa 'yan majalisa buɗaɗɗiyar wasiƙa. Washegari gwamnati ta janye matsayinta, ta ware fam miliyan 120 domin yara kimanin miliyan 1.3, fam 15 a mako ga kowane yaro. A watan Oktoba majalisar ta ƙi tsawaita tallafin da ƙuri'a 322 a kan 261, wasu daga cikin masu ƙin suna cewa ciyar da yaro aikin iyayensa ne. Cikin makonni kaɗan gwamnati ta sake ja da baya. Daga 2021 aka faɗaɗa shirin abinci da ayyukan hutu zuwa duk faɗin Ingila da kuɗi har fam miliyan 220: awa huɗu a rana, kwana huɗu a mako, mako huɗu a dogon hutu, da abinci mai zafi a ciki.

A Amurka an fara ciyar da yara a lokacin hutu tun 1968, amma da yake sai yaro ya je wani wuri a wani lokaci kafin ya ci, kimanin ɗaya cikin bakwai na masu cin abincin makaranta kyauta ko a rahusa ne kawai ke samu. Daga 2011 aka gwada saka wa iyaye kuɗin abinci a kati, aka ga cewa dala 60 a wata ta rage mafi munin yunwa a tsakanin yara da kashi ɗaya cikin uku. Majalisar ƙasar ta mayar da shirin na dindindin a ƙarshen 2022, aka fara shi a 2024 da dala 120 ga kowane yaro a duk tsawon hutun. Jihohi 13 suka ƙi karɓa. Gwamnan Nebraska, Jim Pillen, ya ce shi bai yi imani da tallafin jin ƙai na gwamnati ba, amma bayan makonni kaɗan ya sauya ra'ayi ya karɓa.

Darasin da ke cikin waɗannan labarai mai sauƙi ne. Gwamnatin da ta yarda ta ciyar da yaro ranar Litinin ɗin zangon karatu ta riga ta amsa cewa gidansu ba zai iya ba, kuma talaucin gidan ba ya tafiya hutu. A Najeriya ma doka ta riga ta yi magana. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, ta tanadi hukunci ga iyayen da suka ƙi sa ɗansu, ta kuma lissafa abincin rana cikin abubuwan da ya kamata a bayar kyauta tare da littattafai da kujeru. Hukumar da ta ce tana da hurumin hukunta uba a kan ɗansa ba ta da bakin cewa yaron na uban ne shi kaɗai da zarar ta kulle ƙofa. Bahaushe kuma ya riga doka faɗa: ɗa na kowa ne. Masu ilimi suna son wannan karin magana a wajen taron yaye ɗalibai; wajen rabon kasafin kuɗi ne ba a jin ta.

"Ai gona tana buƙatarsu"

Wannan hujja tana da nauyi a karkara, kuma bai dace a yi mata dariya ba. Yaron da ya bi mahaifinsa noma da maimai yana koyon sana'a da juriya, hannunsa kuma yana cikin abin da zai cika rumbun gidan. Amma babu wanda ya ce a tsare yaro a aji daga safe zuwa yamma a watan Agusta. Awa biyu ko uku bayan an taso daga gona, kafin lokacin Islamiyya, ba sa hana noma. Ƙasar nan ta amince da daidaita karatu da sana'ar iyaye tun 1989, lokacin da aka kafa hukumar ilimin makiyaya. Abin da aka yarda da shi ga ɗan makiyayi ba zai gagara ga ɗan manomi ba. Sannan hujjar gona ba ta shafi dubban ɗaruruwan yaran cikin Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri ba, waɗanda gidajensu ba su da ko taƙi ɗaya na gona. Su filin hutunsu shi ne bakin kwalta da tashar mota.

"Ai ko lokacin karatun ma ba a yi ba"

Wannan ce hujja mafi ƙarfi. Shirin ciyar da 'yan makaranta na tarayya da aka fara a 2016 ya tsaya ga 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare, a kan naira 70 ga kowane yaro a rana, kuma a ranakun karatu kawai. A watan Janairun 2024 shugaban ƙasa ya dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafin jama'a saboda zarge-zargen almundahana. Kafin nan, a 2020, lokacin kullen korona, an kashe sama da naira miliyan 500 wajen raba kayan abinci ga gidajen ɗalibai a Abuja da Legas da Ogun, jama'a da dama kuma suka yi ta tambayar yadda aka gane gidajen. Wanda ya ga wannan yana da dalilin cewa duk sabon shiri sabuwar ƙofar sata ce, kuma a fara gyara zangon karatu tukuna.

Amsa ta farko ita ce lalacewar zangon karatu ita ce ma ta sa hutun ya zama dama. A Indiya, ƙungiyar Pratham ta ƙirƙiro hanyar koyarwa daidai da matakin yaro: a gwada kowa da gajeren gwaji, a raba yara rukuni-rukuni bisa abin da suka iya ba bisa ajinsu ba, a koyar da baƙaƙe da kalmomi da ƙidaya cikin harshen gida. A 2008 an gwada hanyar a jihar Bihar a wani sansanin hutu na wata guda, malaman gwamnati ne suka koyar, kuma masu bincike, cikinsu har da Abhijit Banerjee da Esther Duflo waɗanda daga baya suka sami kyautar Nobel, suka ga ci gaba a karatun yaran. Da aka bai wa malaman gwamnati horo da kayan aiki iri ɗaya su yi amfani da su a lokacin zangon karatu, ba a ga sauyi ba, domin a lokacin hankalinsu yana kan ƙarasa manhaja. A jihar Uttar Pradesh, sansanonin da jimillarsu ta kai kwana 50 sun kai kusan rabin yara ga iya karanta sakin layi ko gajeren labari, alhali a makarantun da ba a yi ba kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne suka iya. Hanyar ba baƙuwa ba ce a Arewa: an gwada ta a Borno, an kuma gudanar da ita da Hausa a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil na jihar Kano daga 2019. Hutu ne lokacin da babu jarrabawa, babu sufeto mai neman a kai ƙarshen manhaja, malami yana da sararin koya wa ɗan aji biyar abin da ya wuce shi a aji ɗaya.

Amsa ta biyu ita ce sata tana bunƙasa ne a inda babu mai gani. Kwangilar da aka bayar daga Abuja domin gidajen da ba a san adireshinsu ba tana da sauƙin haɗiyewa. Tukunyar da aka ɗora a harabar makarantar unguwa, da rajistar yara a manne a bango, da kwamitin iyaye da mai unguwa suna ƙirga kwanuka, satar ta fi wuya, kuma in an yi a ranar za a gane. Indiya ba ta fi Najeriya tsarkin ma'aikata ba, kuma ba ta jira ta gama da cin hanci ba. Kotun Ƙolinta ta ba da umarni a watan Nuwamban 2001 cewa a bai wa 'yan firamaren gwamnati dafaffen abincin rana, a watan Afrilun 2004 kuma ta ƙara da cewa a yankunan da fari ya shafa a ci gaba da dafawa har a lokacin dogon hutu. Kotun ta gane cewa yunwar yaro ba ta bin jadawalin ma'aikatar ilimi.

Abin da ake nema, da kuɗinsa

Abin da ake nema ƙarami ne kuma yana ƙirguwa. A buɗe makarantar firamare ɗaya a kowace mazaɓa kwana huɗu a mako na tsawon mako huɗu na hutun, wato kwana 16. A kowace rana a yi awa ɗaya da rabi na karatu da lissafi bisa matakin yaro, a yi wasa da tatsuniya da ƙwallo, a ci abinci sau ɗaya, dafa-duka ko ɗan wake ko fate, wanda matan unguwar suka dafa aka biya su. Sau ɗaya a mako ma'aikacin lafiya daga asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ya zo ya duba masu zazzaɓi. A makon ƙarshe a fitar da sunayen waɗanda ake tsoron ba za su dawo ba, a bi gidajensu kafin ranar buɗewa, a taimaka da yunifom inda shi ne cikas. Masu koyarwa suna nan: malaman da za a ba alawus, ɗaliban kwalejojin ilimi, da masu yi wa ƙasa hidima.

In aka ɗauki naira 500 a matsayin misalin kuɗin kwano ɗaya, kwana 16 sun kama naira 8,000 ga yaro guda. Yara 100,000 za su ci naira miliyan 800. Ko an ninka wannan domin alawus da alli da takarda, duk ma'aikacin da ya taɓa riƙe kundin kasafin jiha ya san layukan da suka fi wannan nauyi, kuma ya san abin da aka saya da su. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa ta sha kokawa cewa biliyoyin nairori suna kwance a asusunta saboda jihohi ba su kawo nasu kason ba. In ƙa'idojin asusun sun fi karkata ga gini da kujeru, 'yan majalisar da suka rubuta dokar suna da ikon gyara ta. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma kundin tsarin mulki ya sa ilimin firamare cikin ayyukan da suke da hannu a ciki. Hukumomin zakka da waƙafi na jihohi irin su Kano da Sakkwato suna iya ware wani abu daga hatsin da ake tarawa da kaka domin watan da aka fi buƙatarsa.

Kafin gwamnati ta motsa ma akwai abin da ke hannun masu ilimi. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da ke tara kuɗi domin liyafar shekara da fentin ƙofar makaranta suna iya ɗaukar nauyin yara 200 na kwana 16 da abin da bai kai naira miliyan 2 ba a kan wancan lissafi. Makarantar kuɗi da ke karɓar kuɗin lesin tana iya ware kujera ɗaya cikin biyar ga yaran layin da take. Magidancin da ya biya wa 'ya'yansa huɗu zai iya biya wa ɗan maigadinsa, uwargidan da ta ɗauko yarinya domin hutu kuma ta tabbatar ta mayar da ita da yunifom da littafi kafin ranar buɗewa. Wannan ba zai maye gurbin aikin hukuma ba. Amfaninsa shi ne ya samar da misali mai rajista da lissafi wanda za a ajiye a gaban kwamishina a ce masa ga shi an yi, ga kuɗinsa, ga yaran da suka shigo ba su san baƙi ba suka fita suna karanta jimla.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ma'aikatu suna shirya ƙiyasin kasafinsu ne tun kafin ƙarshen shekara, gwamnoni kuma su gabatar wa majalisun jihohi a watannin ƙarshe, don haka makomar watan Agusta mai zuwa ana yanke ta ne a zaman kare kasafi na Nuwamba da Disamba. A can ne ya kamata ɗan majalisa, ko ɗan jarida, ko wakilin ƙungiyar malamai ya tambayi kwamishinan ilimi shafin da aka rubuta dogon hutu a cikin kasafinsa, da adadin da aka ware, da yawan yaran da zai isa. In babu shafin, a rubuta hakan a cikin rahoton zaman, da sunan wanda aka tambaya da ranar da aka tambaye shi, domin a sake ɗauko maganar a watan Yuli lokacin da sanarwar hutu mai layi uku za ta sake fitowa.